Yadda Za Ka Sayar da Masan Kemis a Matsayin Taki

Kai mai kemis da magani ya lalace masa a kanta, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan yadda Alhaji Sambo na Unguwar Kanawa ya bi su. Na lamunce maka za ka rabu da kayan, ka rabu da warin, kuma mutuncinka ya ƙaru.

1. Kada ka ƙona komai

Hayaƙi yana jawo duba-gari. Da Sambo ya ji ana zagaya shaguna, sai ya kwashi kafso da maganin tari da sirinjin da ya gama tsira wa mutane, ya antaya su a masan bayan shago. Masana sun tabbatar har yau ba a taɓa kiran rami shaida a kotu ba.

2. In rami ya cika, sauya masa suna

Kada ka ce kashi. Ka ce taki. Sambo ya sa aka kwashe ramin, sannan ya nemo Maliki, wani dattijo mai lambun latas da alayyafo a fadamar Kurmin Mashi, wanda ya gaji da bin layin takin zamani.

"Alhaji, ya ruɓe kuwa? Na ga da ɗanye-ɗanye."

"Haba Malam Maliki! Ni da nake harkar lafiya zan cuce ka?"

Maliki ya biya kuɗin takin, ya yi godiya har da cire hula.

3. In asiri ya tonu, yi Turanci

Da aka fara ban ruwa, kafso ja da rawaya suka yi ta tasowa a tsakanin kunyoyi. Allura ta soki Maliki a tafin ƙafa, ƙafar ta haye. Ya ɗingiso har shago, da kafson a leda.

Sambo bai ko tashi daga kujera ba. Ya jero sunayen magunguna masu tsawo, ya rufe da cewa, "Ai gata na yi maka. Latas ɗinka ba zai taɓa zazzaɓi ba."

Daga nan ya sayar masa da maganin ƙafar. Lura da wannan sosai, nan gwanintar take.

4. Bar talaka ya ɗauki laifin

Hassana, mai sarin ganye a wurin Maliki, ta tsinci sirinji a cikin damin alayyafo a gaban masu saye. A makon ne kuma gudawa ta kwantar da yaran wani gida da suka ci latas ɗin. Ko daga takin ne, ko daga ruwan, ba wanda ya bincika. Kasuwa dai ta yanke hukunci.

"Baba, ka yafe ni," in ji Hassana, "ko kyauta ba mai karɓa."

Maliki ya tsaya yana kallon ganyensa yana yaushi a kwando. Mai filin da ya ba shi haya ya karɓe fadamarsa. Kai dai yi shiru, ka yi ta girgiza kai kana cewa manoman yanzu ba su da tsabta.

5. Nemi muƙami

Da aka kafa kwamitin tsabtace unguwa, wa za a ba shugabanci in ba mai masai fes ba? Ranar Asabar ɗin shara Sambo ke gaba da sabuwar tsintsiya, yana cin tarar tsofaffi saboda kwata.

Gargaɗi

Ba ruwan marubucin nan da kumburin ƙafa, ko gudawar 'ya'yan wani, ko fadamar da ta salwanta. In kuma ranar tsayuwa aka tashe ka gaban Maliki, kada ka waiwayo nemana. Can ba a jin Turanci.