Rasuwar Ɗigau, Famfon Ciyar da Laka

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta yi ambaliya, ni Susanna Pindar, ɗalibar digiri na biyu a fannin tsabtace ƙazamin ruwa, nake sanar da rasuwar famfona, Ɗigau, wanda ya cika ranar Litinin da hantsi a ɗakin gwaje-gwajenmu da ke Maiduguri. Wanda ya gan ni ina rawa a bakin ƙofa ya yi haƙuri, bayani na tafe.

Aikin marigayi ɗaya ne. Yana zuƙo ruwan kwatar da nake ɗebowa daga Gamboru, ya ɗiga wa lakar da nake kiwo a cikin wata doguwar kwalba. Lakar nan cike take da ƙananan halittu masu cinye dattin ruwa. Abin da ake nema shi ne su dunƙule kamar ƙwayar gero, su riƙa nutsewa da sauri, ruwa mai tsabta ya tsaya a sama. Idan ba su dunƙule ba, babu digiri.

Shekara biyu Ɗigau yana hidima, tak, tak, tak, bai taɓa fashi ba. Shekara biyu kuma lakata tana nan kamar kunun da ya sha ruwa. Malamina, Dakta Maikuɗi, ya faɗa ya maimaita cewa a ba halittun abinci da yawa lokaci guda, sannan a bar su da yunwa. Na ce to. Amma a gidanmu na Dala, ko akuyar maƙwabta ta leƙo sai Mama ta ba ta dusa. Ina ni ina hana baiwar Allah abinci? Da Dakta ya juya baya sai in mayar da famfon kan ɗiga.

Ciwon ajali ya fara ne da zafin watan Afrilu. Jikin Ɗigau kan yi zafi rau, ya yi ƙurrr, ya suma na awa uku. Idan ya farfaɗo sai ya yi bul-bul-bul, ya amayar da abincin gaba ɗaya, ya sake suma. Na yi masa fifita. Na kira Malam Tahir mai gyara, ya buɗe shi, ya rufe, ya ce sai addu'a.

A mako na biyar na jinya na leƙa kwalba, sai ga ƙwayoyi! Dunƙulallu, masu sheƙi, suna nutsewa kafin in ƙirga goma. Yunwar da na kasa sa musu, ciwon Ɗigau ya sa musu, su kuma suka rungumi juna. Na yi guɗa har maigadi ya rugo da sanda. Gaskiya ban taɓa yin farin ciki da rashin lafiyar wani ba sai wannan karon, Ubangiji ya gafarta mini.

Ɗigau ya rasu ya bar tiyo biyu, bokiti ɗaya, da marayu kimanin dubu arba'in, dukkansu ɓul-ɓul. Ranar Alhamis ta sama malamin da zai jarraba ni zai iso, kuma dole ya same su a dunƙule. Yanzu da moɗa nake ciyar da su, ina bin jadawalin suman marigayi. Sau biyu Malam Tahir yana kama ni ina ƙara musu loma, har ya ɓoye moɗar a aljihun rigarsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma, a saka shi cikin kwalinsa na asali, a ɗora a saman kabad. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin gwaji. A toshe hanci kafin a shigo. Masu niyyar kawo mana sabon famfo, mun gode, a riƙe shi tukuna. Duk wanda ke da famfo mai yawan suma, don Allah ya kawo kafin Alhamis, ni dai ban yarda da hannuna ba.