Yadda Za Ka Zama Gwanin Badujala Daga Kan Benci

Kai da ka gaji da zuwa gasar badujala kana zama kamar buhun dankali, in an yi tafi ka yi, in an yi shiru ka yi, matso nan. Matakai bakwai ne kacal. Ka bi su sau da ƙafa, ni kuma na ɗaukar maka alkawari: kafin bazara ta ƙare, layi uku a gabanka da layi uku a bayanka sai sun san muryarka, ko suna so ko ba sa so. Ba sai ka iya busa ba, ba sai ka iya kiɗa ba. Baki kawai ake nema, shi kuwa na san kana da shi.

Ba ni na ƙago ilimin nan ba. A wurin malamina na kwaso shi, Vernon Haskell na nan Wisconsin, wanda na yi shekara ashirin da biyu ina zama a hannun hagunsa. Kunnena na dama shaida ne, har yau ba ya ji sosai.

Mataki na ɗaya: Samo tarihi

Gwani ba ya faɗowa daga sama, sai da "a zamaninmu". Vernon bazara ɗaya tak ya yi a ƙungiyarmu ta 'Yan Tafki, a 1984, kuma abin da ya riƙe faranti biyu ne na tagulla da ake gwarawa. Sau goma sha huɗu yake gwara su a duk wasan, na ƙirga a tsohon kaset. Amma in ka ji yana ba da labari, sai ka rantse shi ya haƙa tafkin.

Ka nemo rigar ƙungiya ta wancan zamani, wadda maɓallanta suka daɗe da daina gaisawa. Ka sa ta ko ana zafin da kwalta ke narkewa. Duk abin da aka yi a fili, ka girgiza kai ka ce a zamaninku ba lasifika, ba rawa, huhu ne da ƙafa. Kada ka ji tsoro. Wanda ya isa ya ƙaryata ka ya tsufa, ba ya iya hawa benci.

Mataki na biyu: Kada ka bari kowa ya kai ƙarshen maganarsa

Mai sauraro ɗalibi ne, kai kuwa ka wuce nan.

Ga misali. Vernon yana da 'ya ɗaya, Tessa, wadda ta tashi a hannun uwarta a Iowa tun da auren ya mutu. Shekara biyu tana busa matsakaicin ƙaho a 'Yan Tafki. Bara kuma ita ce bazararta ta ƙarshe, don doka ta ce in ka wuce shekara ashirin da ɗaya, ka je ka nemi aikin yi. A watan Mayu ta kira shi, ina zaune a kicin ɗinsa, wayar na kan tebur ina jin komai.

"Baba, abu ɗaya nake so bana. Ka kalle ni. Ni, ba alƙalai ba."

"Haba 'yar nan, dama wa nake kallo?"

"Takardar maki. In ka kalle ni bana, ranar ƙarshe ba zan hau bas ɗin ƙungiya ba, motarka zan shiga mu koma gida tare. Af, kuma an canza mini..."

"An canza muku waƙar rufewa, na ji! Wannan shugaban kiɗan naku, Allah dai ya shirye shi. Bari in gaya miki inda ya ɓata."

Minti ashirin da biyar yana gaya mata. Abin da yarinya ta so faɗa shi ne, an rasa mutum cikin masu ƙaton ƙahon nan da ake saɓawa a kafaɗa, an mayar da ita can. Ba ta samu ta faɗa ba. Daga baya kuma ta ƙi faɗa, ta ce in da gaske yana kallo ai zai gani. Taurin kai dai ba a ƙasa ta tsince shi ba.

Shi kuwa Vernon, awa shida a mota da 'yarsa, abin da bai samu ba tun tana 'yar shekara goma sha biyu! Washegari ya wanke motar, alhali saura wata uku. Ni ma a ranar ya sallame ni, ya ce in nemi wanda zai dawo da ni. Yana son yarinyar nan, a nan ba na wasa.

Mataki na uku: Ka fi alƙalai sanin maki

Wurin zamanka saitin tsakiyar fili, can sama. Ka riga kowa zuwa, ka shimfiɗa bargo ka tare wurin mutum huɗu, ko da ku biyu ne. Takarda da fensir a cinya. Maki ɗari ake rabawa, amma gwani ba ya maganar ɗari, maganar ɗigo yake. Kada in ji ka ce "sun yi ƙoƙari". Wannan maganar kakanni ce da suka zo kallon jika. Cewa za ka yi, "Waɗannan saba'in da takwas da ɗigo uku, ba za su wuce nan ba."

In alƙalai suka faɗi abin da ka faɗa, ka juya ka kalli mutane ɗaya bayan ɗaya, ba sai ka ce uffan ba. In suka saɓa, dalilai ba sa ƙarewa. Alƙalin da ke gudu a cikin fili da rikoda ya tsaya inda iska ke kwashe sauti. Na saman kuwa surukin shugaban abokan hamayyarmu 'Yan Jar Hula ne, kowa ya sani. An sa mu wasa da rana tsaka, alƙalai ba su gama narkar da abinci ba. Vernon ya taɓa ɗora laifin ɗigo biyu a kan tsawon ciyawa, kuma wallahi mutum uku suka yarda.

Mataki na huɗu: Ka ajiye wanda za ka ɗora wa laifi

Wata rana alƙalai za su yi gaskiya, abin takaici. Don irin wannan rana ake tanadin mutum ɗaya a cikin fili. Ba wuya. Yara ɗari da ashirin, riga iri ɗaya, hula ta rufe har karan hanci. Ba ka san ɗan wa ba ne, ba ruwanka da uwarsa.

A wasa na biyu Vernon ya samu nasa. Cikin masu ƙaton ƙaho su takwas, na uku daga hagu, ƙafarsa ta dama tana ɗan makara in ana ja da baya.

"Duane, dubi wancan!" ya ce da ni, har da zungura. "Agwagwa aka sa wa riga? Shi ke cinye mana ɗigo biyar duk wasa."

Suna ya bi. Gari bayan gari idonsa na kan Agwagwa, fensir na aiki. Sai jefi-jefi ya waiwaya layin matsakaitan ƙaho, ya nuna wani siriri a gefe, ya daki ƙirji. "Ga tawa can! Ka ga tafiya? Ai jini ba ya ɓuya."

Agwagwa dai Tessa ce. Ƙahon ya kai nauyin yaro ɗan shekara uku, gwiwarta ta dama ta kumbura tun sati na biyu, kullum da ƙanƙara a ɗaure take kwana. Wanda malamina ke dakar ƙirji a kansa kuwa, ɗan wasu mutane ne daga Ohio.

Mataki na biyar: Ka sa baki a abin da bai shafe ka ba

Gwani na gaske ba ya tsayawa a fili. Kai ka san hanyar da bas ya kamata ya bi. Kai ka san makarantar da daɓenta ya fi wa yaran daɗin kwana in sun sauka, kai da ke kwana a otal da matashi biyu. Kafin wasa ka zaga baya wurin motar girki, ka raba shawara kyauta.

Mama Loretta ce ke girka wa yaran abinci, sau huɗu a rana, shekara goma sha tara don son Allah. Vernon ya same ta tana shafa markaɗaɗɗiyar gyaɗa a burodi, ta kai na ɗari biyu, gumi na bin wuyanta.

"Loretta, taliyar nan da kike ɗura musu ita ke sa ƙafarsu nauyi. Akwai wani mai ƙaton ƙaho..."

"Vernon, dakata. Ka kuwa san ko wace ce..."

"Na san irinsu! Iyaye ne ba sa gaya wa 'ya'yansu gaskiya. Da nawa ne, tun Yuni na cire shi."

Loretta ta ajiye wuƙa, ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Allah ya ba ka lafiya," ta ce. "Matsa, kana tare min iska."

Vernon ya tafi yana gaya mini cewa matsalar masu girki ke nan, ba su san maki ba.

Mataki na shida: Ka zaɓi lokacin da kowa zai ji ka

Ihu cikin ihu asarar maƙogwaro ne.

Ranar ƙarshe a Indiana aka yi, da la'asar, fili ya cika maƙil. Vernon ya sake wanke mota, ya cika kujerar baya da cuku da irin alewar da Tessa ke so tun tana ƙarama. To a wasan 'Yan Tafki na bara akwai wurin da ake yin tsit. Ganguna su tsaya, ƙahoni su sauka, daƙiƙa huɗu ba ka jin komai sai ƙafafu a kan ciyawa ana ja da baya. Mutum dubu shida kowa ya riƙe numfashi. Ɗalibi, wannan shi ne lokacinka.

Vernon ya miƙe, ya kewaye baki da hannuwa.

"Ɗaga ƙafa, Agwagwa! Yau ma sai ka kashe mu?"

Muryar ta je bangon can ta dawo. Wasu suka ƙyalƙyale da dariya, wata tsohuwa a gabanmu ta yi tsaki. Na uku daga hagu ko kai bai juya ba, ya ci gaba da ja da baya, ƙafar dama na makara kamar kullum. Vernon ya zauna yana huci.

"Dole dai wani ya faɗa masa," ya ce.

Mataki na bakwai: In an cire hula, ka tsaya a kan bakanka

Gaskiya a nan malamina ya faɗi, kuma ban ga wanda ya taɓa cin wannan matakin ba.

Ka san al'ada. In an gama wasan ƙarshe, waɗanda shekarunsu suka cika sai su dawo fili, kowa ya tsaya inda ya ƙare wasa, ya cire hula, ya tuɓe takalmi ya bar shi a kan ciyawa, ya fita da safa. Vernon ya hau kan benci yana ɗaga hannu biyu, yana "Tessa! Tessa!" Siririn nan ya cire hula. Sai ga gemu, ja wur.

"Duane, wannan kuma..."

Bai ƙarasa ba. Ya shiga laluben fili da ido, layi bayan layi. Na uku daga hagu ta sauke ƙahon, ta cire hula, gashi ya zubo. Ta sunkuya za ta kwance takalmi, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, sai da ta zauna a ƙasa. Na ji fensir ya faɗa ƙarƙashin benci, ba wanda ya nema.

A bakin bas muka same ta, da safa a kan kwalta, ƙanƙara ɗaure a gwiwa.

"Na ji muryarka, Baba," ta ce. "Ko cikin mutum dubu shida ba ta ɓace min."

"Tessa, wallahi ban san ke ce ba."

"Na sani. Mama Loretta ta ce wasa goma sha ɗaya ba ka ɗauke ido daga kaina ba. Ni na roƙa, ka kuma yi min."

"Mota na can. Na wanke ta."

"Da ɗan wani ne fa, Baba? Shi ma ai da uwarsa a benci."

Ta tsaya tana jira. Ta ba shi fili ya yi magana, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba. Ya tsaya yana murza makullin mota a hannu. Ta ɗan taɓa hannun tsohuwar rigarsa, ta kama ƙarfen ƙofa, ta ja ƙafar nan ta hau bas.

Da bas ya tashi sai Vernon ya juya ya nufi fili, ina bin sa. Masu shara sun riga sun tattara takalman sun zube a bakin ƙofa, na mutum talatin da ɗaya, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya. Ya durƙusa yana juya su ɗaya-ɗaya.

"Duane, lamba nawa take sawa?"

Ni ina na sani? Ya daɗe a durƙushe, har masu shara suka ce za su rufe ƙofa.

Sanarwa ga mai karatu

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa aboki, ko suruki, ko 'ya, kada ya ƙwanƙwasa ƙofata. Alkawarin murya na yi, ban yi na komai ba, kuma wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Haka nan ba ni da hannu a abin da ya samu Vernon. Gaskiya ne Loretta ta ja ni gefe tun wasa na uku ta gaya mini komai, ta ce in faɗa masa tunda ni ne abokinsa. Na ce to. Amma a raina na ce bari dai in ga ranar da bakin nan zai mutu.

Na kuwa gani. Ni na zauna a kujerar gaba, awa shida, cuku na narkewa a baya, bai ce ƙala ba. Ban ji daɗin ko minti ɗaya ba.