Rasuwar Sannu-Sannu, Bargon Mukarrama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga abin da ya riga ya faru, iyalan Malam Iliyasu mai mazarƙwaila na Gazara suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Sannu-Sannu, bargon ƙyallaye da matarsa Mukarrama take ɗinkawa da hannu. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce a bakin murhun dafa ruwan rake, bai kai ga rufe kowa ba. Ƙanwarta Zubaida ce ta rubuta wannan sanarwa, domin ita mai abin tun daga ranar da ƙyar maganarta take wuce "to" da "a'a".

An haifi marigayin a wata damina, shekarun baya, lokacin da Mukarrama ta lura cewa duk aikin da take yi babu wanda yake kwana. Tuwo a cinye, wanki a sake ɓatawa, tsakar gida a share kaji su dawo. Ta ce ita ma tana son abu guda wanda in ta ajiye yau za ta same shi gobe yadda ta bar shi. Sai ta ɗauki almakashi da tsofaffin kayan gida. Lokacinta tsakanin azahar da la'asar ne, in yara sun tafi Islamiyya, na goye ya yi barci, awarar sayarwa kuma ba ta kai ga kasko ba. Wata rana ta haɗa ƙyalle biyu, wata rana zare kawai za ta zura a allura sai a ƙwala mata kira. Daga nan ya samo sunansa, don in Zubaida ta tsokane ta sai ta ce sannu ba ta hana zuwa.

Waɗanda suka san shi sun shaide shi da haƙuri. Bai taɓa kukan nono ba, bai taɓa tambayar ina takalminsa ba, bai taɓa cewa miya ta yi gishiri ba. Ya yi rayuwarsa a ninke, a baibai, cikin tsohon buhun shinkafa a ƙarƙashin gado, sai a yi wata guda ba a waiwaye shi ba kuma ba ya fushi. Abin da ake tunawa na muryarsa kaɗan ne: ƙyas-ƙyas na almakashi, da ɗan "tsit" in ta gutsure zare da haƙori. A jikinsa akwai ankon bikin Huseina, da zanen goyon ɗanta Ikrima, da hannun rigar makarantar 'yarta Rumaisa, da gefen mayafin marigayiya Inna Indo. A tsakiyarsa kuma akwai wani shuɗin ƙyalle mai maɓalli ɗaya, gaban rigar sallar Zakiyyu.

Zubaida ce ta rubuta sunan nan, yayarta ba ta faɗa ba. Zakiyyu ɗan Mukarrama ne na fari, zazzaɓi ya ɗauke shi tun bai isa shiga makaranta ba. Kamar yadda aka tarbiyyantar da ita, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban manya ba. Ranar da aka fita da shi ta zauna cikin mata idonta a bushe, tsofaffi suna ta yaba mata, wai yarinyar nan akwai kara. Saboda haka ba ta gaya wa kowa abin da ke tsakiyar bargon ba. Zubaida ma faɗowa ɗaki ta yi ba sallama wata rana, ta same ta ta dafa wurin da tafin hannu, allura a baki.

Marigayin bai yi jinya ba. Mukarrama ta tafi suna Saulawa, ta bar shi lafiya ƙalau. A ranar ne tsummokaran da ake sauke kaskon mazarƙwaila da su suka ƙone, Malam Iliyasu ya zo gida neman wasu. Don a yi masa adalci, ya tsallake akwatin zannuwanta bai taɓa ba. Ya jawo buhun, ya ga baibai duk zare da ƙulle-ƙulle, ya ce, "Alhamdu lillahi, ga tsumma." Mutumin da yake gane zaƙin rake daga gefen gona, ya kasa juya ƙyalle ya ga fuskarsa. Ya sa wuƙar sarar rake ya raba wa ma'aikata: wasu suka naɗe hannu, babban ɓangaren aka tace ruwan rake da shi. An ce har yabonsa suka yi, wai tsumman nan akwai kauri.

Da ta dawo ta durƙusa ta jawo buhu, ta ji shi shafal. Ta tambaya. Ya ce, "Au, tsumman nan? Yana wurin aiki, ai ya yi mana rana." Ta ce, "To." Ta tashi ta hura wuta, don yara ba su ci abinci ba.

An kawo gawar gida a daro, ta sandare da zaƙi, gefenta duk ƙuna. Tururuwa sun riga kowa zuwa gaisuwa. Zubaida ta zo da shirin wanke mijin yayarta tas, irin na ƙanwar mata, sai ta tarar ba wurin wasa. Ashe wajen tattara guntayen bargon, maɓallin nan ya soki Malam Iliyasu a tafi, ya duba, ya gane yadin. Shi ya sayo shi a kasuwar Makarfi. Ya je bakin rijiya ya wanke ƙyallen da hannunsa, ma'aikatansa na kallo, ya kawo ya ɗora a kan faifan alluran Mukarrama. Shi ma ɗan farinsa ne, shi ma bakinsa ba ya iya ɗaukar sunan. Abin da ya iya faɗi kawai, a zaure, shi ne, "Zubaida, ki ce wa yayarki ban sani ba." Da aka kai saƙon ta ce, "Ki ce masa ai ban faɗa ba."

Marigayin ya bar allura biyu, almakashi, leda cike da ƙyallaye yankakku da ba su samu shiga ba, da buhun shinkafa. Ya kuma bar shuɗin ƙyallen nan, yana nan a kan faifai. Mukarrama tana share ɗakin ta kewaye shi, ba ta taɓa shi ba tukuna.

Za a binne Sannu-Sannu gobe bayan la'asar, a bayan ɗaki, gindin zogale. Ba za a yi masa salla ba, liman ya riga ya ja kunne. Malam Iliyasu ne zai haƙa ramin, shi ya roƙi a bar masa. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo ƙyalle, kada kuma kowa ya kawo mazarƙwaila. Mukarrama za ta yi zaman karɓar gaisuwa kwana uku a tsakar gida. Ta ce a sanar cewa duk wanda ya same ta tana kuka kada ya ba ta haƙuri, kada kuma tsofaffi su ga rashin kararta. Bargo dai ba ɗan fari ba ne.