Tukunyar Haɗin Kan Alhaji Tijani

A shekarar farin 1984 Mika'ilu tela ya fara ganin Tijani, yana saukowa daga bayan motar kaya a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya da takalmi ƙafa ɗaya. Da jandarma suka zo kamen baƙi, Mika'ilu ya zaunar da shi gindin keken ɗinki, ya ce musu, "Ƙanena ne."

Yau Alhaji Tijani ne, mai shagunan taya, shugaban iyayen yara na lekkol, wato makarantar unguwa. 'Yan kasuwa na kiransa Uban Ƙasa, shi kuwa yana amsawa da gaske. Allah ya yi shi mai kishin ƙasa. Tun da ya sami takardun Aljeriya, har butar shayinsa sai da ya liƙa wa tuta.

Shi ne ya gano cewa yaran lekkol, Larabawa da Buzaye da Hausawa, ba su da haɗin kai. Tare suke ƙwallo, tare suke jifan dabinon mutane, amma ba a taɓa yi musu jawabi ba.

Ana cikin shirin bikin haɗin kai Mika'ilu ya same shi. Jikar Mika'ilu, Salima, marainiya daga Damagaram, takardunta ba su cika ba. Daraktan lekkol ya ce in ba mai tsaya mata, ƙarshen wata za ta bar aji.

Alhaji ya gyara babbar riga. "Yaya Mika'ilu, ina fama da al'umma sukutum, ka zo mini da yarinya ɗaya?"

Ranar biki kowane gida ya kawo girkinsa: kuskus, gurasar Buzaye ta cikin toka, tuwon gero da miyar kuka. Alhaji ya sa aka juye su duka a tukunya ɗaya, ya tuƙa da hannunsa.

"Manyan gobe," in ji shi, "yadda kuka ta rungumi kuskus, haka nake son ku rungumi juna."

Manyan gobe suka sunsuna, suka zame bayan aji, suka yi musayar abin da ya saura a kwanoninsu, kamar kullum. Uban Ƙasa ya ci haɗin kai shi kaɗai a gaban darakta, yana gumi yana yabawa. Washegari ba a gan shi a kasuwa ba.

Ƙarshen wata Mika'ilu ya je ɗauko Salima da kayanta. Darakta ya ce, "Baba, ai an gama. Alhaji ya zo tun kafin biki, ya tsaya mata, ya ce jikarsa ce. Ya roƙe ni in yi shiru."

Mika'ilu ya koma shago yana murmushi. Tun daga 1984, wannan ne aiki na farko da Tijani ya yi bai tara mutane ya yi jawabi a kai ba.