Kwanson Harsashi a Cikin Riga

Tun kafin mu shiga wurin koyon harbi a Wendover na sanar da abokina Malam Sani cewa kakana maharbi ne, mu bindiga gadonmu ce.

Ina danna kunamar bindigar, sai na ji wani abu mai zafi a ƙirjina. Na ajiye ta, na zube ƙasa ina salati.

"Malam Sani, na harbi kaina! Ga amanar 'ya'yana nan!"

Dattijuwar da ke koya mana ta girgiza rigata. Kwanson harsashi mai zafi da bindigar ta tofo ne ya faɗo, ko ƙwarzane ban yi ba.

Har yau in na shiga masallaci, sai wani ya ce, "Ku matsa wa marigayi."