Sinerji a Ƙofar Shagona

Jama'a, yau da safe ni da furfurata na haƙa rami a ƙofar shagona da ke kasuwar Mont-Bouët. Ba taɓuwa na yi ba. Umarni ne daga sama.

Wata huɗu ke nan wasu bayin Allah masu hular kwano suka tona wajen don gyaran bututu, suka kama gabansu. Ruwan Libreville kuwa kun san shi. Ramin ya cika ya malalo cikin shago, buhunan shinkafata suka fara tsami, masu saye sai su ɗago mini hannu daga tsallake su wuce.

Na je biron masu haƙa, wato ofishinsu. Mai Girma Sarkin Hatimi, ransa ya daɗe, ya ce su haƙa kawai suka sani, cikewa aikin wani biro ne, amma in kwantar da hankalina, suna aiki cikin "sinerji". Masu cikewa suka ce sai masu bututu sun sa hannu, saboda sinerji. Masu bututu kuwa sun tafi taron bita a kan sinerji.

Na tambayi maƙwabcina Mahamman mai taksi, mutumin Maraɗi, ma'anar kalmar, tunda shi ya sha Faransanci.

"Alhaji, haɗin gwiwa ke nan. Ma'aikata ta kama wa 'yar'uwarta aiki."

"Au, ashe aikin gayya ne!"

"Shi ne, sai dai a wannan ba a zuwa gonar."

Wallahi haushi ya turnuƙe ni. Ran Lahadi na tara 'yan layinmu muka yi irin namu na gida. Kafin azahar mun cike ramin tsaf, Rabi'a mai abinci ta dama mana kunu.

Yau sai ga mota. Biro uku a mota ɗaya, har da mai riƙe musu lema! Masu haƙa suka ce ramin yana cikin dosiyensu, wato rubuce yake a takardunsu, na salwantar da kayan hukuma. Masu cikewa suka ce na yi musu shisshigi. Masu bututu suka ce na binne musu bututu. Murya ɗaya, ko musu babu: in mayar da rami yadda yake, ko a garƙame shagon.

Na ce, "Yallaɓai, in na haƙa, yaushe za a cike?"

"Za a kafa kwamiti."

Saboda haka masu cewa manyanmu ba sa haɗa kai, ku ji tsoron Allah ku daina ƙazafi. Ni na ga haɗin kan da idona, har ya yi mini bororo a tafin hannu. Ga hadari can kuma ya taso.