Shirun Farfesa Dzokoto

Mai ba da labarin nan ya dawo garin Anyako daga karatu yana tantamar ko kiɗan garinsu ilimi ne. Farfesa Dzokoto ya warkar da shi. Wa zai yi tantama bayan ya ga littafin Farfesa mai shafi ɗari shida a kan bugun da ba a yi ba?

Shekara ashirin da suka wuce Farfesa ya zo da na'ura, ya ɗauki kiɗan tsoho Ahiabu, mai buga babbar gangar atsimevu, na yini guda. Ya koma Turai ya saurara. Can ya gano cewa a kowane zagaye Ahiabu yana tsallake bugu ɗaya. Ya raɗa wa gurbin suna Shirun Kakanni. Shirun ya ba shi kujerar farfesa, ya ba shi tumbi. Matan kasuwa kuma suka ba shi suna Kunnen Duniya.

Da gwaggon Farfesa ta rasu, shi ya karɓi shirin biso. Ahiabu kuwa ya yi wa marigayiyar alkawari tun suna da haƙora cewa shi zai buga mata agbadza, kiɗan rakiya. Ranar gwaji ya zo ya buga. Farfesa ya ɗaga hannu.

"Togbi, kakanmu, ka cike shirun! Ka gurɓata gado. Duba shafi na tamanin."

"Ɗana, ni ban iya karatu ba."

"Matsalar ke nan," in ji Farfesa.

Aka zaunar da tsoho a benci, hannuwansa na motsi a kan gwiwa. Aka kawo ɗalibai bakwai daga jami'a, kowa da takarda a gabansa.

Ranar biso Farfesa ya yi jawabin awa guda a kan darajar shiru. Sannan ɗalibai suka fara. Mata suka shigo fili, kafaɗu na karyewa. Aka zo gurbin, ɗalibai suka tsallake bugun, ƙafafu suka tsaya a sama. Aka sake zuwa, wata ta taka wata. A karo na uku Davi Sename, 'yar marigayiyar, ta gyara ɗamara ta nufi rumfar da Farfesa yake.

"Fo Kunne, ɗan'uwa, uwata za ka raka ko gurguwar akuya? Ba tsohon nan sandarsa!"

"Ba ku fahimci..."

"Mun fahimta. Matsa."

Ahiabu ya miƙe. Bai tsallake bugu ko ɗaya ba, aka yi rawa har ƙasa ta yi laushi. Farfesa ya rubuta a takardarsa cewa al'ada ta mutu yau a gaban idonsa.

Da aka watse, mai labarin ya sami tsoho yana goge zufa, ya tambaye shi mece ce ma'anar shirun nan a wajen kakanni.

"Waɗanne kakanni? Ranar da yaron nan ya zo da akwatinsa, ƙayar tarwaɗa ce ta soke ni a babban yatsa."